Koren Ɗigo a Ƙirjin Ɓarawon Ruwa

Idan aka ce maka an ga Jaji a zaune, to ka tambaya ko lafiya, don ko dai zazzaɓi ne ya kayar da shi, ko kuma tahiya yake yi a masallaci. Ko a tahiyar ma, waɗanda ke sahu ɗaya da shi sun ce babban yatsan ƙafarsa ba ya daina motsi. Uwarsa, Allah Ya jiƙanta, ta sha ba da labari cewa ranar haihuwarsa ungozoma na can tana laluben takalminta, shi kuwa har ya sauka yana tsala ihu, kamar wanda aka ɓata wa lokaci a hanya.

A wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure aka haife shi, a shekarun da aka fara sako ruwan Tiga cikin kanal, ƙasar da ta saba barci duk rani ta koma kore shar. Shi da ruwan nan hali ɗaya gare su: kullum a guje, kuma duk inda aka tare su sai sun sami kafar ɓullewa. Babu sana'ar da bai leƙa ba. Ya yi kamun kifi a kanal, ya yi dillancin tumatir, ya yi acaɓa har ranar da ya juye wata baiwar Allah da kwanukanta a kwalbati. Ya shiga injin casar shinkafa a Kura, ya fito, wai ƙarar injin tana hana shi jin hirar da ake yi a waje. Abu ɗaya ne bai taɓa saki ba, 'yar gonar gadonsa da ke can wutsiyar kanal, inda ruwa ke isa a gajiye, in ma ya isa.

Matarsa Saliha ta daɗe da daina shimfiɗa masa tabarma. A tsaye yake cin tuwo, ƙafa ɗaya a zaure. In mata suka tambaye ta maigidan, sai ta ce, "Yanzu iska ta wuce da shi, in ta juyo za ki gan shi."

Ana nan sai 'yarsu Mansura, da ke aure a Kumbotso, ta sake waya, ta kawo wa uban tsohuwar. Yo ina laifin a ba shi carbi? Daga ranar nan Jaji ya sami sana'ar da ta dace da shi, wato ganin abin da bai shafe shi ba da yaɗa shi. Motar albasa ta kife, Jaji na wurin. Saniya ta faɗa kanal, Jaji ya riga mai ita zuwa. Duk abin da ya ɗauka, zauren Watsaf na ƙungiyar manoman layinsu yake aunawa, har masu ƙaramin data suka fara yi masa Allah-ya-isa a ɓoye. Ga wayar aljihu ɗaya take kwana da ƙosai da awara, idon kyamarar kullum sharkaf da mai, duk hoton da ya fito kamar an ɗauke shi ta cikin tiririn tukunyar turara shinkafa.

Yana da taubashi, Musbahu. Uwar Jaji da uban Musbahu ciki ɗaya suka fito, don haka tun suna yawo ba wando kowa ke kiran ɗan'uwansa bawa, har yau kuma ba a yanke wane ne ubangijin ba. Musbahu mutum ne mai nauyin jiki da nauyin baki, ya yi wuni bai haɗa magana uku da kowa ba. Amma ya hango Jaji, sai bakin ya buɗe.

"Kai bawa, waye ya kwance ka tun da sassafe?"

"Na zo duba ko ka ci dusarka ne. Jiya ka bar saura."

Gonar Musbahu tana can sama, kusa da ƙofar ruwa. Yana da wata rigar aiki ruwan ƙasa da ƙaya ta yage a ƙirji, matarsa ta yi mata faci da wani ƙyallen kore fatau, ragowar zanenta. Jaji ya sa wa facin suna lambar bayi. Babu wanda bai san facin nan ba daga ƙofar ruwa har wutsiya, Jaji ne kuwa ya sanar da shi. Kuma tun da ya sami waya, duk jakin da ya gani yana birgima, ko biri a hannun masu wasa, sai ya ɗauka ya tura zaure ya ce, "Ga Musbahu yana gaishe ku." A yi dariya, Musbahu ya rama a masallaci bayan an idar.

To, a bazarar da wannan abu ya faru, ruwa ya yi ƙaranci. Ciyawar kachalla ta cika kanal, rana kuwa kamar an sauko da ita kan rufi. Shinkafar rani ta yi ciki, lokacin da in ƙishirwa ta kama ta, sai dai ka girbe ƙaiƙayi. Ƙungiya ta raba ruwa bi da bi, yau 'yan sama, gobe 'yan tsakiya, jibi 'yan wutsiya. Amma duk ranar 'yan wutsiya, sai a wayi gari abin da ke gangarowa bai fi fitsarin akuya ba. Kowa ya san wani ne ke jefa buhun ƙasa a kanal can sama yana karkatar da ruwa. Wane ne, shi ne ba a sani ba.

Ran nan Jaji ya idar da asuba, ya leƙa gonarsa ya ga ƙasa ta fara tsagewa, sai ya bi gefen kanal ya nufi gabas, yana tafe yana zage-zage shi kaɗai. Rana na ɗagowa ya iso kusa da ƙofar ruwa. Can tsallaken kanal sai ga mutum da malfa a kai, ya ɗago daga kan buhu. Ranar kuwa daidai kan mutumin ta fito, ta dallare wa Jaji ido. Bai tsaya tantancewa ba, ya zaro waya ya ƙyasta hoto, sannan ya kwarma ihu. Mutumin ya faɗa cikin masara ya ɓace. Jaji ya zabura zai tsallaka, taɓo ya riƙe masa silifa ɗaya a gindin wani kututturen dogonyaro.

Da ya duba hoton, ga mutum nan baƙi wuluk kamar inuwa, ga buhu a ƙafarsa. Daga wuya zuwa sama kuwa babu komai sai farin haske da ya fashe ya yi tsirkiya ko'ina, gefen malfa kawai ake gani. A ƙirjin inuwar kuma ga wani ɗan koren ɗigo, zagayayye, kamar an ɗiga shi da gangan.

Mai hankali zai tsaya ya yi tunani. Jaji kuwa dariya ce ta kama shi. Ya tura hoton zaure, ya danna saƙon murya yana haki: "Jama'a, ku fito ku ga bawana Musbahu, yau na kama shi da hannu a cikin ruwanku! Ku yi masa afuwa, gado ne."

Abin da bai lissafa ba shi ne, mutumin da shinkafarsa ke mutuwa ba ya jin wasa. Kafin azahar an buɗa hoton nan da yatsu biyu a kowace majalisa. Da la'asar aka taru gindin mangwaron ƙofar ruwa, gaban Malam Datti, shugaban ƙungiya, dattijo mai son farar riga, wanda ko gona zai shiga sai ka rantse ɗaurin aure za shi.

Gonaki da dama ne ke shan ruwa in an tare kanal a wurin, amma ta Musbahu ce ta farko. 'Yan wutsiya suka ce ba sa buƙatar fuska, ga koren faci nan a ƙirji, ga kuma ɗan'uwansa na jini ya ambaci sunansa. Musbahu ya ce shi a lokacin yana gida yana ba ragonsa dusa. Aka ce wa ya gan shi? Ya ce matarsa. Aka yi dariyar da ba ta da daɗi.

Jaji fa yana gefe yana shan yabo. Wannan ya dafa kafaɗarsa, wancan ya ce ashe wayar nan tana da rana. Yana ta ƙunshe dariya, yana tanadin irin tsiyar da zai yi wa Musbahu har sallar layya. Sai da ya ji Malam Datti ya ce a toshe bakin gonar Musbahu, kada ta ƙara shan ruwan kanal sai damina ta sauka, sannan ya gane wasan ya ɓaci. Damina kuwa da saura, shinkafa ba za ta jira ta ba.

"Malam, tsaya! Wallahi wasa nake. Taubashina ne, kowa ya sani."

"Da safe kai ne shaida, da la'asar ka koma lauya?" in ji Malam Datti. "Mun ji wasa ne. Facin nan ma wasa ne? Kai ka ɗinka shi a hoton?"

"Jini ne ya motsa," in ji wani daga baya. Aka watse.

Samari suka cika bakin gonar da ƙasa suka daddanne. Musbahu na tsaye yana kallo. Da zai wuce ta gaban Jaji, sai ya ɗan rusuna.

"Sannu da aiki, Malam Jaji. A gaida iyali."

Malam Jaji! Da ya kwaɗa masa fartanya a ƙeya da ya fi masa sauƙi. Mutumin da tun tasowarsu bai taɓa kiransa da sunan kirki ba, yau shi ne har da rusunawa.

Washegari ko koko bai sha ba ya tari adaidaita sai Kura, shagon Stephen mai gyaran waya, wani saurayi mutumin Pankshin da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gida tsami. Jaji ya dire masa wayar a kan tebur.

"Janye mini hasken nan."

"In janye shi zuwa ina, Baba?"

"Ka zuƙe shi, ka kwashe shi, ka yi yadda kuke yi. Fuskar da ke ƙarƙashi nake so."

Shi Jaji a tunaninsa abin kamar gona ne da ruwa ya shanye: ka fasa kunya, ruwa ya janye, ƙasa ta fito da duk abin da ke kanta. Stephen ya juya wayar, ya ga idon kyamarar, ya goge shi da gefen riga, ya duba rigar.

"Baba, wannan waya ce ko kaskon suya? To bari ka ji. Babu fuska a ƙarƙashi. Rana ta shiga idon wayar kai tsaye ta cika shi, bai ga fuskar ba sam. Abin da bai gani ba, ina zai ajiye shi?"

"Ƙarya ne. Mutum ne da kai. Ina kan ya tafi?"

"Yana wuyan mai shi, Baba."

Jaji ya ƙi tafiya. Ya zaga teburin, ya dawo, ya taɓa wannan, ya ɗaga wancan, har ya kusa zubar da kwanon ƙananan kusoshi. Don ya rabu da shi, Stephen ya ce akwai wata manhaja da ke cike wurin da ya ɓaci a hoto, amma fa ƙirƙira take yi, ba gaskiya ba ce. Jaji rabin farko kawai ya ji. Aka danna, aka jira, sai ga fuska ta fito a ƙarƙashin malfar: wani santalelen saurayi, fata sumul, haƙora farare tas, gashi har yana sheƙi.

"Baba, tsaya in sake dannawa ka gani, wata fuskar daban za ta..."

Ina! Jaji har ya kai bakin titi.

Ya sami Malam Datti a majalisa ya miƙa masa. Wayar ta zaga hannu hannu. Wani ya ce wannan ai bai taɓa riƙe fartanya ba. Wani ya ce in irin waɗannan ne ke satar ruwa, to shi kam ya ba saurayin 'yarsa ya huta. Malam Datti ya mayar masa da abarsa da yatsu biyu.

"Jaji, in ka ga wannan bawan Allah, ka ce ina gaishe shi. Amma kada ka ƙara kawo mini abin da aka dafa a shago."

Ya sake komawa Kura, wannan karon da zagi a baki. Stephen ya bar shi ya gama, sannan ya jawo shi ƙofar shago, ya tsayar da shi rana na bayansa, ya ƙyasta. Ga Jaji ba kai, ga koren ɗigo a kan cikinsa. Stephen ya ce gilasai ne jere a cikin idon wayar, in haske mai ƙarfi ya shiga sai ya yi ta karo tsakaninsu, ɗan abin da ya tsere shi ne ke sauka kore a wani gefe. Ya matsa da wayar, ɗigon ya matsa. Ya kare saman wayar da tafin hannu, hasken ya ragu, fuska ta dawo.

Jaji ya yi tsalle kamar an ce an yi masa haihuwa. Amma da ya kai wa Malam Datti sabon hoton, ko karɓa bai yi ba. "Daga shagon da aka haifi kyakkyawan saurayin nan? Wanda ya iya dasa kai, ɗigo ne zai gagare shi?"

To fa. Nan Jaji ya shiga yawon da ko shi bai taɓa irinsa ba. Gidan wannan, majalisar wancan, har Bunkure ya je neman wani da aka ce Malam Datti na jin maganarsa, ya tarar ya tafi ta'aziyya. Kowace tafiya kuma sai ta bi da shi ta gefen gonar Musbahu, ko bai yi niyya ba. Ganyen ya fara naɗewa kamar tsinke, koren ya koma toka-toka, ƙasar ta tsage har kana iya zura hannu. Musbahu na jigilar ruwa da jarka biyu daga wani kududdufi, abin da ko kunya ɗaya ba zai jiƙa ba. Jaji ya sauka gonar zai karɓi jarka ɗaya.

"A'a, Malam Jaji, kada ka wahalar da kanka. Na gode ƙwarai."

Ya koma gida yana zaga tsakar gida kamar kazar da aka ɗauke wa ƙwai. Saliha na tankaɗe, ta bar shi ya yi zagayensa har ya fara sa ta jiri.

"Malam, ka tashi kan garin nan, ka zubar mini. Wai kai ba ka gaji ba? Ka je Kura, ka je Bunkure, saura Makka. Shi hoton a Kura ka ɗauke shi?"

"A ƙofar ruwa."

"To me ya hana ka koma ƙofar ruwan? Ranar ai ba ta yi ƙaura ba. Ka koma inda ka tsaya, ka tsaya, su gani da idonsu." Ta kaɗa rariya. "Sai dai fa tsayuwar ce ban san inda za ka aro ta ba."

Asubar fari Jaji na gindin kututturen dogonyaro. Silifarsa ma tana nan, taɓo ya bushe da ita. Ya dasa ƙafa a wurin, ya fuskanci gabas. Sai dai ita ma rana ta ga dama ta yi masa wasan taubasai. Gajimaren bazara, irin mai tara hadari ya watse ba ɗigo, ya tokare gabas. Kafin ya yaye, rana ta yi sama, ta wuce inda kan mutum zai kai. Washegari ma haka. Masu wucewa gona suka fara tsayawa kallo, don ganin Jaji a tsaye wuri ɗaya ya fi ganin ɓarawon ruwa mamaki. Sauro ya ci, ƙafa ta yi tsami, jiki na ce masa tafi, shi kuwa ya kafe. Daga inda yake yana hango gonar Musbahu, gefenta na nesa har ya fara fari.

Sai aka yi shelar aikin gayya: kowa ya fito da lauje da adda a cire kachallar da ta toshe kanal, daga ƙofar ruwa za a fara. Ranar kuma ta faɗo a kan rabon 'yan wutsiya. Gari bai gama wayewa ba mutane suka cika wurin, kowa da malfarsa, suka faɗa ruwa har gwiwa. Jaji na tsallake, hannu ɗaya riƙe da waya.

"Kai Jaji, gayyar ba ta shafe ka ba ne?"

"Ƙyale shi, saurayinsa yake jira."

"Ko an dasa ka ne? A kawo taki!"

Bai tanka ba. Jaji, wanda ko akuya ta yi atishawa sai ya ba ta amsa. Idonsa na gabas, inda wani siririn gajimare ya kwanta. Malam Datti ya iso cikin farar riga ƙal, ya hau kan gaɓar kanal daidai inda mai buhun nan ya taɓa tsayawa, don nan ne kaɗai babu taɓo, yana nuna wa mutane aiki da sanda.

Gajimaren ya tsage. Rana ta leƙo daidai kan malfar Malam Datti.

Jaji ya ƙyasta. Ya ƙyasta wanda ya hau gaɓa zai zubar da kachalla, ya ƙyasta na bayansa, ya ƙyasta wanda ya ce a kawo taki. Sannan ya faɗa kanal da rigarsa, waya a sama, ya tsallaka yana ihu.

"Na kama shi! Wallahi yau na kama ɓarawon ruwa!"

Aka yo kansa. Ya miƙa wa Malam Datti. Ga inuwar mutum a kan gaɓa, kai ya narke cikin haske, gefen malfa kawai ya rage, ga koren ɗigo a ƙirji. Ga kuma sanda a hannu.

Malam Datti ya dubi hoton, ya sunkuya ya dubi ƙirjin rigarsa, har da shafawa. Jaji ya shafa gaba: wani ɓarawon. Ya sake shafawa: wani. Kowa ba kai, kowa da facinsa kore, wani a ƙirji, wani a kafaɗa. Samari masu waya suka ruga gindin kututturen suka gwada da nasu, sai ihu kake ji, wannan na cewa ga babansa ya zama ɓarawo, wancan na cewa a toshe gonar ladan. Musbahu kaɗai ne bai zo kallo ba, yana can ƙarshe yana saran kachalla.

Malam Datti ya ɗaga sanda aka yi shiru.

"Jaji. Ka ji tsoron Allah ka gaya mini. Ran nan, da idonka, wa ka gani?"

"Rana na gani, Malam."

Dattijon ya sauke sandarsa. Sannan ya ce a buɗe wa Musbahu. Sai wani ɗan wutsiya ya ce to an ji, amma yau rabonsu ne, kuma su ma tasu shinkafar ba azumi take ba, Musbahu ya jira zagayowar 'yan sama. Gaskiya ya faɗa, kowa kuma ya san gonar Musbahu ba za ta kai ba.

"A ba shi nawa," in ji Jaji. "Lokacin da za a sakar wa gonata, a sakar wa tasa. Tawa ta saba."

Bai jira amsa ba, ya fizgi fartanyar wani ya ruga bakin gonar ya hau sara. Ƙasar da samari suka daddanne ta yi tauri kamar daɓe. Yana sara yana haki, har ruwa ya sami kafa, ya ɓulle, ya bi tsagogin ƙasa yana shiga da wani irin sauti kamar mai ƙishirwa ya kafa kai a ƙwarya. Gefen nesa da ya riga ya yi fari ya tafi, wannan sai dai awaki. Amma yawancin gonar da sauran rai.

Wanda ya jefa buhun kuwa, har yau ba a san shi ba. Wataƙila ma yana cikin waɗanda suka fi kowa dariya a gindin kututturen. Abin da aka sani, bai ƙara ba. Gonar Jaji ta wutsiya ta sha wuya a shekarar, abin da ya girba Saliha ta ce ko kaji ta kira sai ta ba su haƙuri.

Amma mu koma bakin gonar. Jaji na tsugune cikin taɓo yana gyara wa ruwa hanya da hannu, sai ya ga inuwa ta rufe shi. Musbahu ne, da rigar nan mai faci. Yana tsaye yana kallon ruwan. Jaji bai ɗago ba, yana jiran a ce masa Malam.

"Kai bawa," in ji Musbahu. "Haka aka koya maka ban ruwa a gidanku? Karkata shi hagu, kana cinye mini kunya. Kuma in ka gama, akwai jarkoki can, ka wanke su."

Jaji ya miƙe, taɓo har gira. Ya zaro wayar, ya goge idonta da ɗan wurin da ya rage busasshe a rigarsa, ya zagaya ya ba rana baya, ya ƙara da kare ta da malfa. Hoton ya fito tas: Musbahu baki buɗe, tsakiyar zagi, har ana ganin giɓinsa. Kafin zagin ya ƙare, hoton ya isa zaure, shi kuwa mai ɗaukar har ya kai kwanar masara a guje, ƙafa ɗaya ba takalmi.